Sunan da Hajara Ba Ta Faɗa

Ni dai har gobe ban manta da wata ranar Talata a malahin nan da kuke ta hirarsa tun ɗazu ba. Ina wanke finjalai ina jin ku, wannan ta ce jirgin ƙasa, waccan ta ce alawar auduga, Maryam har da cewa wai kogon da jirgin yake shiga ya kai daga nan zuwa bakin teku. Ya salam! Maryam, kogon nan katako ne aka shafa wa baƙin fenti, ni nake share shi da hannuna. In kika yi atishawa a bakinsa, kafin ki ce alhamdu lillahi kin fito. Amma ba laifinku ba ne, kuna yara a lokacin, komai babba ne a idonku. Ku matso, tunda da sauran lokaci kafin dangin amarya su iso, in ba ku labarin abin da ni na gani a wurin.

Saboda waɗanda ba su riski wurin ba, bari in faɗi yadda yake. A farkon shekarun casa'in na fara aiki can. Gini ne guda, ƙasa kantuna, na turare da na yadi da na takalma, sama kuma malahi, wato filin wasan yara, duka a rufe cikin sanyin mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki. A garin da rana take gasa mutum tun hantsi, wannan ba ƙaramar ni'ima ba ce. Akwai dawakai masu juyawa, akwai motoci masu karo da juna, akwai lilo, ga ƙamshin gugguru tun daga ƙofar shiga. Da matakala mai tafiya da kanta ake hawa, kuma tsofaffinmu sai sun tsaya sun yi ta bisimilla kafin su ɗora ƙafa a kanta.

A tsarin aikin, mudir, wato manaja, shi ne babba, ofishinsa yana ƙasa. Ranar Talata daga La'asar zuwa Isha ta mata ce zalla, namiji ba ya hawa sama sai ƙananan yara, don haka a ranar mushrifa ce mai wurin, wato mai kula da mu. Tamu sunanta Abla Samira, doguwa mai tabarau, ba ta ɗaga murya amma in ta kalle ki ta saman tabarau ɗin nan sai kin gyara tsayuwa. Ƙarƙashinta mu ne muraƙibai, kowace da injin da take tsaro. Ni ƙofar fita ta jirgin ƙasa aka ba ni. Da yake a nan Jidda aka haife ni, kakana ne ya zo Hajji ya zauna, Larabci da Hausa duk a bakina suke. Shi ya sa duk matar da ta zo ba ta jin Larabci, sai ki ji an ce, "A kira Zulaikha."

Dokar ɓatan yaro ita ce ta fi kowace ƙarfi. In kin tsinci yaro, ki kai shi ofishin mushrifa. Can za a tambaye shi sunansa, a riƙe a rai. A lasifika ba a faɗin sunan, sai dai a ce an tsinci yarinya mai riga kaza da takalmi kaza. Wadda ta zo karɓa ita za ta faɗi sunan da bakinta, a tambayi yaron ko uwarsa ce, sannan ta nuna katin shaida ko iƙama, takardar izinin zama. In an samu saɓani, mushrifa ta buga wa mudir waya, mudir ya kira 'yan sanda, halas, shi ke nan, magana ta fita daga hannunmu. Kada ku ce tsanani ne. Ɗan mutum ne a hannunki, in kika miƙa shi ga wadda ba uwarsa ba, ba ki da bakin da za ki yi bayani.

To, jirgin nan yana da wani abu da yake rikita baƙi. Ta ƙofa ɗaya ake hawa, ta wata ake sauka, a bayan kogo. Uwar da ta saba takan zagayo ta jira a wurina. Wadda ba ta saba ba sai ta kafe a inda ta ɗora ɗanta, tana jiran jirgi ya dawo mata da shi.

A ranar, bayan La'asar da ɗan jimawa, na sauke yara, kowa uwarsa ta ja shi, sai wata 'yar yarinya ta rage. Ba za ta wuce shekara shida ba. Riga ce a jikinta ta atamfa, ɗinkin gida, kanta da kitso ƙanana, tana ta waige-waige, leɓenta yana rawa amma ta ƙi yin kuka. Na yi mata Larabci, ta zuba mini ido. Na ce, "Ke 'yar gidan wa ce?" Wallahi sai ta kama abayata da hannu biyu kamar ta shekara da sanina.

Na bar wata abokiyar aikina a kan jirgin, na kai yarinyar ofis. Abla Samira ta sa aka kawo mata gugguru, ta ce in tambaye ta sunanta. Yarinya ta miƙe tsaye, ta haɗa hannu a ƙirji yadda ake koya musu a Islamiyya, ta ce, "Sunana Rukayya." Abla ta yi murmushi ta ce masha Allah, ta ɗauki lasifika ta sanar da cewa an tsinci yarinya mai riga ruwan goro. Ni ma na maimaita da Hausa.

Ba a daɗe ba sai ga mace ta iso. Siririya ce, ƙuruciya ba ta gama barin fuskarta ba, abayarta ta koɗe, takalminta ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu, alamar gudu ta sha. Ku fahimci wani abu a nan. Mu mun saba da iyayen Jidda. Uwa tana shigowa za ta kurma ihu, "Ya waladi! Ya galbi!" wato ɗana, zuciyata, ta faɗa kan yaro da sumba, ta yi kuka, ta mare shi, ta sake rungume shi. Kafin ma a tambaye ta suna ta faɗe shi ya fi a ƙirga. Wannan kuwa tana zuwa bakin ƙofa ta ga yarinyar, sai ta ja ta tsaya cak. Ta sauke ajiyar zuciya, ta kau da kai ta kalli bango. Ba ta taɓa ta ba. Abin da ta ce kawai shi ne, "Ke, taso mu tafi."

Abla Samira ta dube ta ta saman tabarau. Ta ce da ni, "Tambaye ta sunan yarinyar."

Na tambaye ta. Ta ce, "Uwani."

Suna dai ba ya bukatar tafinta. Abla ta ji da kunnenta. Ta ce, "Ba shi yarinyar ta faɗa ba. Tambayi yarinyar, wannan uwarta ce?"

Na durƙusa na ce, "Wannan Mamarki ce?"

Ta girgiza kai, bakinta cike da gugguru. "A'a, Yaya ce. Mamata tana Katsina."

Ko da na so in gyara maganar, Abla ta ga girgiza kan. Ta miƙe ta zagayo, ta tsaya tsakanin matar da yarinyar, ta tura ƙofa ta rufe.

Ni dai nan take na gane abin da ke faruwa, don uwata ma haka ta yi da babban wanmu har ta koma ga Allah. Na ce da matar, "Baiwar Allah, 'yar fari ce?" Ta sunkuyar da kai. Na ce, "Kuma sunan wata babba ta ci?" Ta ce a hankali, "Uwar maigidana." Kunya biyu kenan a kan suna ɗaya. A gaggauce ta ba ni sauran labarin. Sunanta Hajara. Tun da aka yaye yarinyar kakarta ta ɗauke ta, ita take kira Mama. Hajara da mijinta suka zo Umara suka zauna, shi yana dako a ɗakunan ajiya na unguwar Khumra, ita tana wankau a gidaje. Kwanan nan kakar ta zo Umara da yarinyar ta bar musu ita. Yarinya kullum kuka, ita a mayar da ita wurin Mama. Shi ne Hajara ta biyo maƙwabta daga unguwar Madain Fahd ta kawo ta malahi, ko za ta saki jiki da ita.

Na ce, "Kina da iƙama?" Ta girgiza kai. In 'yan sanda suka zo, Hajara sai tarhil, gidan da ake tara waɗanda za a mayar ƙasarsu. Yarinyar kuma da bakinta ta ce ba uwarta ba ce, don haka ba tare za a tafi da su ba. Wa zai zo ya karɓe ta? Uban da shi ma in ya leƙo za a riƙe shi? Maƙwabtan da suka zo tare kuwa, tun da suka ga an rufe ƙofa suka sulale, kuma ban ga laifinsu ba.

Na juya ga Abla Samira na zuba mata bayani da duk Larabcin da Allah ya ba ni. Na ce a wurin mutanenmu uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta rungumarsa a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi. Na ce kunya ce, girmamawa ce ga iyaye. Abla ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "Ya Zulaikha, ban ce ƙarya kike yi ba. Amma dubi abin da ke gabana. Suna bai dace ba. Yarinya ta ce ba uwarta ba ce. Matar ko taɓa ta ba ta yi ba. In 'yarki ce a kujerar nan, wata ta zo haka, kina so in ba ta?"

Gaskiya ta faɗa, kuma ta ba ni haushi don ta fi ni gaskiya.

Ta kalli agogon bango ta ce, "An kusa kiran Magariba. Ana kira za a kashe injuna, zan je in yi salla. In na sallame ba ta faɗi sunan ba, zan buga wa mudir."

Na koma kan Hajara, ni da lallashi, ni da faɗa. Na ce, "Haba 'yar'uwa, nan ba Katsina ba ce, ba surukarki a ɗakin nan, daga ni sai wannan Balarabiya. Ki faɗa mu huta!" Ta buɗe baki, ta rufe. Ta ce, "Ki ce mata sunan 'yar Manzon Allah ne, wadda ta auri Sayyidina Usmanu." Na fassara da sauri ina murna. Abla ta ce, "Biyu ya aura. Wacce?" Na ce a raina, yau ga ranar da karatun Abla ya zame mana wahala.

Hajara ta ce mini, "Ke ai kin ji sunan, ki faɗa mana a madadina." Na ce in na faɗa, ni ce uwar? Raina ya ɓaci sosai, har na ce mata, "Za ki zaɓi kunya ki bar 'yarki?" Sai ta ɗago ta kalle ni, idanunta sun kaɗa sun yi jajur. Ta ce, "Tun da aka raɗa sunan nan bai taɓa bi ta bakina ba. Ko a addu'a 'yarinyar nan' nake cewa, Allah ya san wadda nake nufi. Ba ƙi na yi ba, harshen ne ya ƙi ɗagawa." Na daina faɗa.

Aka kira salla. Kiɗan dawakai ya tsaya, jirgi ya tsaya, motoci suka tsaya. Ku da kuka san wurin da hayaniya ba ku san shirun da yake yi ba in an kashe komai, sai ƙarar mukayyif kawai. Abla ta shimfiɗa sallaya a kusurwar ofis ta tayar da salla. Ni na tsaya a bakin ƙofa. Hajara tana tsugune a ƙasa, yarinyar tana kan kujera tana kaɗa ƙafa, ta cinye guggurunta tana lasar takarda, ba ta san wainar da ake toyawa ba.

Abla ta sallame, ta naɗe sallaya, ta zo ta zauna. Ta ɗan jima tana gyara tabarau, ta matsar da abin da ba ya bukatar matsarwa a kan tebur. Ni na san jinkiri take yi da gangan. Daga ƙarshe ta ɗora hannu a kan wayar, ta ɗaga.

Sai na ji wata murya kamar ba ta Hajara ba, a shaƙe, a karye.

"Rukayya."

Yarinyar ta daina kaɗa ƙafa. Ta waiga ta kalle ni, ta kalli Abla, tana neman malamar da ta kira ta. Hajara ta sake cewa, wannan karon da ƙarfi, hawaye yana zuba har haɓarta, "Rukayya, zo. Ni na haife ki."

Yarinyar ta zaro ido ta ce, "Lah! Yaya, kin faɗi sunana!" Ta sauko daga kujera, ta tako a hankali, ta tsaya a gabanta tana kallon fuskarta. Ta sa ɗan hannunta mai maiƙon gugguru ta share mata hawaye. Nan fa Hajara ta fizgo ta ta ƙanƙame, ta fashe da wani irin kuka da ban taɓa ji ba a duk iyayen da suka shigo ofishin nan suna ihu. Yarinyar ma ta kama kuka. Ni ma, ba zan ɓoye muku ba, na jiƙa gefen mayafina sharkaf.

Abla Samira ta mayar da wayar. Ta cire tabarau ta goge, ta daɗe tana gogewa. Saura abu na uku a doka, takarda. Ina tsaye ina jira. Sai ta buɗe ƙofa ta ce, "Yalla, maza, an kusa kunna injuna, jirgi yana jiranki. Ki raka su, ki nuna wa uwar ƙofar da ake sauka." Na ce, "Abla, saura..." Ta kalle ni ta saman tabarau ta ce, "Saura me?" Na ce ba komai. Ta ce, "To, ki sake ɗora yarinyar a jirgi, uwar ta jira ta a wurinki."

Haka aka yi. Jirgi ya fito daga kogo, Hajara tana tsaye a gefena, ta miƙa hannu ta sauke 'yarta da kanta. Ban sake ganinsu a wurin ba. Shekaru suka tafi, aka buɗe manya-manyan kasuwanni a arewacin gari, mutane suka koma can, kantunan ƙasa suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya. Wata rana aka tara mu aka ce halas. Aka kwance dawakai da jirgin aka loda a mota, an ce Khumra aka kai su. Ni kuma na koma aikin gahawa a gidajen biki, har na zama babbarku.

Bara, a wannan zauren, wata mai lalle ta zo yi wa amarya ƙunshi da rana, ɗanta yana wasa a gefe. Hira ta kawo mu kan malahin, kamar yadda ta kawo ku yau. Ta ce ita sau ɗaya tak aka taɓa kai ta, amma ba abin da ta manta. Ta ce kogon dogo ne, da taurari a sama. Ta ce an ba ta gugguru a wani ɗaki mai sanyi, wata mata mai tabarau tana salla. Sai ta yi dariya ta ce, "Kuma a ranar ne uwata ta kira sunana."

Butar gahawa ta kusa suɓuce mini. Na ce, "Rigarki ruwan goro ce." Ta saki kwalin lallen, ta zuba mini ido irin na ranar.

Ashe ba ta san komai game da wayar da Abla ta ɗaga ba. Ba ta san saura ƙiris a raba ta da uwarta ba, don Hajara ba ta taɓa tayar da zancen ba. Da na ba ta labari ta yi kuka har amarya ta fara tsoron lallenta zai ɓaci. Ta ce iyayenta sun koma Katsina da daɗewa, ita aure ya riƙe ta a nan. Na ce, "Ta sake faɗa kuwa?" Ta ce, tana kirana Khala, wato inna, "Ko sau ɗaya. Har yau in na buga waya, 'Uwani ce?' take cewa." Na ce ita fa, tana kiran ɗanta na fari? Ta ce tana kira mana, ita 'yar Jidda ce. Amma in Yaya tana kan waya, sai ta ji bakinta ya ce "yaron nan".

Abin da aikin nan ya koya mini, ku riƙe shi, don ku ma mata kuke yi wa hidima. Abla Samira ba ta sassauta inda ran yaro yake ba, ko da na roƙe ta, kuma daidai ta yi. Inda ba abin da zai cutu sai takarda, nan ta kau da kai. Ni kuma na daina auna uwa da ƙarar muryarta. A bikin nan na yau za ku ga uwar amarya, in 'yar fari take aurarwa, ta koma can baya ta zauna kamar baƙuwa, ko kallon amarya ba ta yi. Kada wadda ta wuce ta da gahawa. Ita za ku fara zuba wa.

Rukayya ta ce mini duk sanda ta bi ta titin nan a tasi, sai ta ce direba ya rage gudu. Ginin yana nan, an toshe ƙofofin da bulo, fentin ya ɓare, kyanwoyi suna kwana a bakin matakala. Direbobi sukan tambaye ta me take kallo a kango. Ita kuma sai ta ce musu, "A sama can uwata ta taɓa kirana."